Muhawara: Shin "Onarabul" laƙabin kujera ne, ko sunan da jama'a suka raɗa wa kowane ɗan siyasa?

Malam Usman, Jekadafari:

Assalamu alaikum. Ina so in ɗora wata magana a faifai, kuma ina roƙon 'yan uwa su tattauna ta da hujja. Ra'ayina shi ne kalmar "Onarabul" ta daɗe da tashi daga laƙabin wanda ke zaune a kujerar majalisa, ta koma sunan da mutanen Gombe suke kiran kowane ɗan siyasa da shi, ko ya ci zaɓe ko ya sha ƙasa, ko yana kan kujera ko ya sauka tun tuni. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Tashar Dukku idan kakar zaɓe ta ƙarato, zai ji ana cewa su onarabul sun fara zagaye, kuma babu mai tambayar wane onarabul ne ko ɗan wace majalisa, domin kowa ya gane 'yan siyasa ake nufi gaba ɗayansu. Uwa takan ce ɗanta ya bar shago ya koma bin onarabul. A katin ɗaurin aure kuwa, sai ka tarar da sunaye a jere kowanne da "Hon." a gabansa, alhali idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, mai yiwuwa mutum guda ne kawai ya taɓa yin rantsuwar kama aiki. Sauran, wani fom ya saya ya janye, wani mai ba da shawara ne, wani kuma shugaban jam'iyya ne a gunduma.

Magana ta biyu ita ce asalinta. A ganina kalmar ba tsohuwa ba ce a Hausa. Ta shigo ne tare da kansiloli bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ta kuma yi yaɗo bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. Wanda yake da hujjar da ta saɓa wa wannan, bisimilla.

Barista Hauwa, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda da magana ta biyu ba, kuma ta farkon ma ina da gyara a kanta. Wannan kalma ta girmi kansiloli nesa ba kusa ba. Tushenta al'adar majalisar dokokin Ingila ce, inda wakilai ba sa kiran juna da suna a cikin zaure. Wanda zai ambaci abokin aikinsa sai ya fuskanci kakakin majalisa ya ce wakili mai daraja na mazaɓa kaza, domin a rage zafin jayayya kada ta koma faɗan mutum da mutum. Turawa sun kai wannan ladabi majalisun da suka kafa a ƙasashen da suka mulka, mu kuma a Arewa ya iso mana da tsarin mulkin Gwamna Richards, lokacin da aka buɗe majalisar yankin Arewa a Kaduna a 1947. A nan ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zauna yana wakiltar Bauchi, a lokacin da Gombe take cikin lardin Bauchi. To ta yaya kalmar da aka yi kusan shekara 30 ana furtawa a Kaduna kafin 1976 za a ce kansiloli ne suka kawo ta?

Gyaran da nake da shi a kan maganar farko kuwa shi ne, a can inda aka samo ta, ɗan majalisa na gama-gari ba ya rubuta ta a gaban sunansa, kuma da zarar ya fita daga zaure sai ya koma wane ɗan wane. Tsarin mulkinmu na 1999 ma kujeru ya tsara da sharuɗɗan hawansu, bai raba wa kowa wannan laƙabi ba. Al'ada ce kawai ta majalisu. Saboda haka ni ban ce ma'anarta ta sauya ba. Cewa nake ana amfani da ita ba bisa ƙa'ida ba, kuma yawan masu yin haka bai mai da shi ƙa'ida ba.

Malam Usman, Jekadafari:

Barista, ba mu saɓa a kan inda Turawa suka fara furta ta ba. Tambayata ita ce yaushe ta zama Hausa. Kalmar da wasu 'yan ƙalilan suke faɗa wa junansu a zauren majalisa a Kaduna, su kuma bar ta a can idan sun tashi, ba ta shigo harshenmu ba tukuna. Tana zama tamu ne ranar da mai tallar nono ko ɗan acaɓa ya saka ta a tsakiyar zancensa ba tare da ya ji ya ari kayan kowa ba.

Dokta Bello, Pantami:

Ni harshe nake koyarwa, don haka bari in duba jikin kalmar kanta, domin yadda muke furta kalmar aro yakan nuna hanyar da ta biyo da zamanin da ta iso.

Da farko, Turawa suna rubuta harafin h a farkonta amma ba sa furta shi. Mutumin kan titi "Onarabul" yake cewa, kamar yadda kunnensa ya ji, yayin da masu rubutu a jaridu sukan rubuta "Honarabul" domin su idonsu ne ya fara ganin ta. Wannan yana nuna cewa ta bakin lasifika da rediyo ta isa ga jama'a, ba ta aji ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Kalmomin Turanci da suka shigo Hausa a farkon zamanin Turawa, ta hannun soja da 'yan reluwe da makarantu, waɗanda suke ƙarewa da sautin l, yawancinsu mun mai da shi r. Da haka muka sami tebur da shebur da fensir da fetur, da kuma kofur da kanar da janar. Da a ce wannan kalma ta shiga bakin jama'a tare da waɗannan, da "Onarabur" za mu gada. Ba mu gaji haka ba. Sa'an nan ku lura da nahawunta. Tebur ya zauna daram har muna cewa teburin malam, muna kuma da jam'insa, tebura. Kansila ya ba mu kansiloli, gwamna ya ba mu gwamnoni, sanata ya ba mu sanatoci, minista ya ba mu ministoci. Ita kuwa har yau sai da "ɗin" muke riƙe ta, mu ce onarabul ɗinmu, kuma idan sun yi yawa sai mu ce su onarabul, ko mu ninka ta mu ce onarabul-onarabul ɗin nan. Waɗannan alamu ne na baƙuwar da ba ta daɗe da sauka ba, kuma sun karkata ga maganar Malam Usman.

Barista Hauwa, Tudun Wada:

Dokta, na ji daɗin wannan bayani, amma ƙa'idarka tana da ƙofa. Tawul da otal da kwal duk sun riƙe l ɗinsu, kuma babu wanda zai ce bayan 1976 muka fara goge jiki da tawul. Maganar kunne kuma ba ta ware zamani ba, domin Rediyon Kaduna ya fara aiki tun 1962, yana kuma ba da labarin zaman majalisa, don haka kunnen jama'a yana iya jin kalmar tun a jamhuriya ta farko. Rashin jam'i ma ni a wurina hujjata yake ƙarfafawa: kalmar ba ta yi jam'i ba ne domin har yanzu laƙabi ce da ake ɗorawa a gaban suna, ba sunan sana'a ba.

Baffa Adamu, Kumo:

'Ya'yana, ku ba ni dama in faɗi abin da kunnena ya ji, tun da ina saurayi aka yi jamhuriya ta farko. A wancan zamani ba mu kiran manyan siyasa da wannan kalma, kuma dalilin a fili yake: suna da abin da ake kiransu da shi tun kafin su shiga majalisa. Firimiya, Sardauna muke ce masa. Ministan kuɗin Arewa, Makaman Bida ne. Jigon Barno kuwa, Shettima Kashim ne. Waɗanda ba su da sarauta, ko suka ƙi bin hanyarta, malanta ce rigarsu, shi ya sa har gobe Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur muke cewa. Shi kansa Tafawa Ɓalewa da 'yata Barista ta ambata, Malam Abubakar ne a bakin mutanen Bauchi, daga baya Alhaji, daga baya Firayim Minista. Mutumin da yake da irin waɗannan sunaye me zai yi da kalmar Turawa?

Abin da ya sauya shi ne irin mutanen da mulki ya fara zuwa hannunsu. Kafin 1976 En'e, wato hukumar gargajiya, ita ce take riƙe da gari, kuma duk wanda ke cikinta da rawaninsa. Da aka rushe wannan tsari aka kafa ƙananan hukumomi, sannan aka yi ta zaɓen kansiloli a 1987 da 1990 da zamanin Abaca, sai ga ɗan makwabcinka wanda ka sani yana ɗinki ko yana sayar da hatsi ya zama shi ne wakilin gunduma, shi ne zai zauna a gaba ranar taro. To a tarbiyyarmu ba a kiran mutum mai matsayi da sunansa gatsau. Dole a sami abin da za a ɗora a gaba. Shi kuwa bai je Makka ba balle a ce Alhaji, bai yi karatun da za a ce Malam da gaske ba, ba a kuma naɗa shi komai ba. Kalmomin girma na Hausa kuma duk an riga an raba su: Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarakuna ne, Mai Girma na gwamna da hakimai ne, Mai Shari'a na alƙalai ne. Da wani ya kuskura ya ce wa kansila Mai Martaba, da fada ta aiko a kira shi. Saboda haka aka bar kalmar a Turancinta, ta zama rawanin wanda ba a naɗa ba.

Dalilin da ya sa ba ta sauka idan mutum ya sauka kuwa, shi ma daga al'adarmu ne. Wanda ya je hajji sau ɗaya Alhaji ne har kabari, kuma sarauta ba wa'adi gare ta ba. Mu ba mu saba da girman da yake ƙarewa bayan shekara biyu ko huɗu ba, kuma muna jin nauyin mu tuɓe wa mutum abin da muka saba kiransa da shi jiya. Barista ta faɗi gaskiya a kan inda aka haifi kalmar, amma wurin da ta girma, gunduma ce.

Sa'idu, Bolari:

Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni dai ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Idan ana neman kalmar da talakawa suke kiran ɗan siyasa da ita a bayan idonsa, ai ba wannan ba ce. A wurinmu matasa "ɗan jagaliya" muke cewa, kuma ita ce take fitar da abin da ke zuciyar mutane. "Onarabul" ta gaban ido ce, wadda ake faɗa ana ɗaga hannu idan motarsa ta tsaya.

Dokta Bello, Pantami:

Sa'idu, ɗan jagaliya ba shi ne mai neman kujera ba. Shi ne mai bin ayari, mai manna fosta, mai ihu a bayan mota, wanda ake sallama idan taro ya watse. Idan ka kira ɗan takara da wannan suna, zagi ne ka yi masa na cewa bai wuce matsayin yaransa ba, kuma zagin yana aiki ne domin kowa ya san kalmar ba tasa ba ce. Irin waɗannan sunaye muna da su da yawa. Tun shekarun 1950, zamanin jam'iyyun NEPU da NPC, aka sami 'yan banga, daga kalmar Turanci mai nufin sahun gaba na matasan jam'iyya. Mu nan Gombe mun san 'yan kalare da irin abin da gari ya gani a hannunsu daga 2003, makwabtanmu na Bauchi sun san sara-suka, sannan ga sojojin baka masu yaƙi a gidajen rediyo.

Abin da yake damuna a nan shi ne, duk waɗannan sunaye masu zafi yaran da ake turawa muka raɗa wa. Wanda yake turawar, wanda yake biyan kuɗin mota da na ƙwaya, kalma guda ce ta yaɗu a kansa, ita ma ta girmamawa ce. Ina ganin wannan rabon bai yi adalci ba, kuma bakinmu ne ya yi shi.

Alhaji Garba, Deba:

Tun da ni ana kirana da wannan suna, bari in faɗi yadda yake sauka a kunnen mai shi. Na yi kansila, na sauka da daɗewa, na koma gonata da shagona, amma har yau idan na fito daga sallar asuba nakan tarar da mutane a bakin zaure. Wani zai durƙusa ya ce "Onarabul, barka da asuba", sannan ya zaro takardar magani daga aljihun gaba, a ninke, ta yi laushi saboda yawan buɗewa, ya miƙo da hannu biyu. Wata za ta aiko yaro a ce a gaya wa Onarabul an haihu, suna ranar Talata, ba a sami rago ba. Wani kuɗin jarrabawar ɗansa ne. Waɗannan mutane sun san sunana sarai, wasunsu tare muka yi makarantar allo, kuma idan hira ce kawai ta haɗa mu a gindin bishiya, Garba ko Alhaji suke ce mini. Ba sa ɗauko waccan kalma sai da dalili.

Saboda haka ban yarda cewa zolaya ce ba, ban kuma yarda cewa girmamawa ce zalla ba. Tunatarwa ce. Ma'anarta ita ce mun tsaya a layi dominka, ka taɓa shiga inda ake rabo, don haka muna da haƙƙi a kanka. Kuma ba na ganin laifinsu, domin inda asibitin gunduma yake da magani, babu mai zuwa ƙofar tsohon kansila da takarda.

Game da yaɗuwarta kuwa, lissafi ne mai sauƙi. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 11 da gundumomi 114, kowace da kansilanta. Ga 'yan majalisar jiha 24, ga 'yan majalisar wakilai 6, ga shugabannin ƙananan hukumomi da mataimakansu, ga kwamishinoni. Duk lokacin da aka yi sabon zaɓe ko aka naɗa kantomomi, sababbi suna shigowa, tsofaffi kuma ba sa ajiye sunan. A kowace kujera kuma mutum nawa ne suka nema suka rasa? Su ma magoya bayansu sun riga sun saba kiransu da shi tun lokacin kamfen. Ku haɗa wannan daga 1996 da aka ƙirƙiri jihar zuwa yau, ku kuma tuna cewa gundumomin ƙasar nan 8,809 ne, za ku ga dalilin da ya sa da wuya a sami unguwar da ba ta da nata.

Malam Idris, Herwagana:

Ina neman afuwa, amma akwai gefen da ba a taɓa ba. Muna da kalmarmu da ta wadatar, wato ɗan siyasa, kuma siyasa ba ƙaramar kalma ba ce. Daga Larabci take, asalinta kula da abu da lallaɓa shi har ya daidaita, kamar yadda mai kula da doki yake yi, sannan malamai suka yi amfani da ita ga tafiyar da al'amuran jama'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa ne domin Sarkin Katsina Umarun Dallaji, yana nuna masa sharuɗɗan shugabanci nagari. Dattawanmu ma idan suka ce a yi wa wane siyasa, sassauci da lallami suke nufi. Mu ne muka ɓata wannan kalma har ta koma ana nufin yaudara da ita, sa'an nan muka je muka aro wata.

Ita kuma wadda muka aro, shaida ce. Cewa take yi wannan mutum mai daraja ne, abin a girmama. Ya zo a hadisi a cikin Sunan na Abu Dawuda cewa kada a kira munafuki da shugaba. Ban ce 'yan siyasa munafukai ba ne, Allah ya kiyaye, a cikinsu akwai mutanen kirki da na sani. Abin da nake cewa shi ne, idan ka san mutum ya ci amanar kuɗin rijiyar ƙauyenku, sannan ka miƙe ka kira shi mai daraja, to ka ba da shaidar da ka san ba haka take ba, ko da a wane harshe ka faɗe ta.

Adda Maryam, Bajoga:

Allah ya gafarta Malam, ina ganin shaida tana bin abin da mai magana ya nufa ne. Ƙawayena da muke sana'a tare, da yawansu idan ka tambaye su ma'anar kalmar, cewa za su yi mai yin siyasa, ko wanda yake cikin gwamnati. Na sha jin mace tana cewa onarabul ɗin nan ba shi da amana ko kaɗan. Da a ce "mai daraja" take ji a cikin kalmar, ai ba za ta haɗa waɗannan biyu a jimla ɗaya ba. Wannan a wurina ita ce hujja mafi ƙarfi ga Malam Usman, domin ta nuna cewa darajar ta fice daga cikin kalmar, sana'ar kawai ta rage.

Ina kuma so in faɗi wani amfani nata da maza ba za su lura da shi ba. Kusan duk laƙabinmu sai an raba namiji da mace: Alhaji da Hajiya, Malam da Malama, ɗan siyasa da 'yar siyasa. Wannan kuwa ɗaya ce ga kowa, onarabul ya zo, onarabul ta zo. Mace a ƙasarmu sau da yawa da mijinta ko ɗanta ake kiranta, matar wane, maman wane, uwargidan wane. Amma lokacin da Hajiya Aishatu Jibril Dukku take wakiltar Dukku da Nafada a majalisar wakilai daga 2015, da aikinta aka kira ta, da kalmar da ake kiran takwarorinta maza. Yarinyar da ta taso tana jin haka ta koyi cewa kujerar ba ta jinsi ɗaya ba ce. Don haka kafin a ce a jefar da kalmar, a tuna da wannan.

Malam Usman, Jekadafari:

Adda Maryam, misalinki ya fi duk waɗanda na kawo. Ni abin da ya sa na tada maganar tun farko shi ne matasa. A da sai an zaɓe ka, daga baya ya zama sai ka tsaya takara, daga baya ya zama sai an ba ka takardar naɗi. A 2011 jaridu sun ruwaito cewa gwamnatin Isa Yuguda a Bauchi ta naɗa mataimaka fiye da 1,000, kuma irin waɗannan naɗe-naɗe a jihohi daban-daban sun ƙara yawan masu amsa sunan ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba. Da aka sa hannu a kan dokar rage shekarun takara a 2018, wadda ta sauko da na majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, na yi murna, har yanzu kuma ina murna. Amma ku buɗe Facebook ku ga yara waɗanda ko sakandare ba su daɗe da gamawa ba, kowanne ya manna "Hon." a gaban sunansa, bai taɓa jagorantar ko aikin gayyar share magudanar ruwa ba. Na koyar da irinsu, na san hazaƙarsu, shi ya sa abin yake ci mini rai. Sun koyi cewa suna ake fara samu, aiki ya biyo baya in an ga dama.

Barista Hauwa, Tudun Wada:

To ai Malam, wannan damuwa taka ita ce take mai da mu kan matsayina. Idan muka amince cewa kalmar ta zama sunan kowa da kowa, mun ba wa yaron nan lasisi ke nan, domin ba za ka hana mutum kiran kansa da sunan sana'ar da yake sha'awa ba. Idan kuwa muka tsaya a kan cewa laƙabin kujera ce, muna da abin da za mu tambaye shi: wa ya zaɓe ka, yaushe, a wace mazaɓa? Ba na musun cewa a teburin mai shayi ana faɗar ta yadda ka ce. Amma masu rubutu da masu gabatar da taro da masu buga katin biki ba dole ne su bi teburin mai shayi ba. Wanda yake kan kujerar da aka zaɓe shi, a ba shi. Wanda ya sauka, a ce tsohon ɗan majalisa ko tsohon kansila, wannan ba cin fuska ba ne, tarihinsa ne aka faɗa daidai.

Malam Yusuf, Kumbiya-Kumbiya:

Barista, na yi aikin rediyo, don haka bari in gaya miki inda shawararki take cin karo. A ɗakin labarai abin da kika faɗa shi muke ƙoƙarin yi: ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓa kaza, tsohon shugaban ƙaramar hukuma kaza. Amma shirye-shiryen siyasa da sanarwar biki da gaisuwar salla, masu su ne suke biya, kuma takardar da suka kawo ita ake karantawa. Ranar da mai gabatarwa ya tsallake laƙabin, kafin ya fita daga situdiyo waya ta iso, a ce an wulaƙanta maigida, a nemi a maimaita sanarwar kyauta. Mai gabatar da taro a filin biki ma haka yake, domin liƙinsa yana hannun mutanen da yake kira.

Akwai kuma abin da na lura da shi wanda ya shafi gardamarku kai tsaye. Manyan sun fara guje wa kalmar. Wanda ya tashi daga majalisar wakilai ya koma ta dattawa, yaransa ba sa yarda a sake ce masa Onarabul, sai Sanata, kuma idan ka manta za a gyara maka nan take. Kakakin majalisa yana da nasa ƙarin a gaba domin a bambanta shi da sauran. Wanda ya sami hali kuma, fada yake nufa ya nemi sarauta, kuma daga ranar da aka naɗa shi, da sarautar za a kira shi, kamar yadda aka riƙa kiran tsohon gwamna Ibrahim Hassan Dankwambo da Talba. Baffa Adamu, wannan tambayata gare ka ce: a cikin kansilolin farko da ka sani a ƙasar Akko, waɗanda daga baya aka naɗa su sarauta ko suka sauke farali, mutanen gari sun ci gaba da kiransu Onarabul, ko sun ajiye ta a ranar?

Baffa Adamu, Kumo:

Wanda aka naɗa, a ranar aka ajiye ta, domin ba a haɗa ta da sarauta a baki ɗaya sai dai a takarda. Wanda ya je Makka kuwa, biyu ya riƙe. A masallaci da wurin jana'iza Alhaji ne, amma idan zaɓe ya zo, ko aka tashi tara kuɗin gyaran famfon unguwa, tsohon sunan ake ɗaukowa a je masa da shi.